Naƙasar Zuciya ga Jarirai: Jan Hankali ga Iyaye da Ungozomai

A cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa, kimanin 8 zuwa 10 sukan zo duniya da naƙasa a zuciya. Galibinsu ƙananan huji ne, wasu ma sukan toshe da kansu. Amma akwai waɗansu irin da ba safai ake samunsu ba, waɗanda ke hallaka jariri cikin 'yan makonni idan aka yi sakaci.

Yadda abin yake

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu ya ɗebo iska, na hagu kuwa yana rarraba shi ga sauran jiki. Wani jaririn akan haife shi manyan jijiyoyin nan biyu da ke fita daga zuciya sun yi musayar gurbi, sai jinin da bai ɗebo iska ba ya riƙa komawa jiki. Abin da ke riƙe da ransa wata 'yar hanyar jini ce wadda takan rufe cikin kwanakin farko. Da ta rufe, sai jiki ya rikice.

Alamu

Leɓɓa da harshe su yi shuɗi-shuɗi. Numfashi da sauri. Gajiya da gumi wajen shan nono. Rashin ƙaruwar nauyi. Wannan ba aikin iskoki ba ne, ba kuwa laifin uwa ba.

Abin yi

Kada a jira ranar suna, balle arba'in. Kada a tsaya tsaga ko ɗauri. A kai jariri asibiti a ranar, domin a auna iskar jininsa, a kuma tura shi babban asibiti, kamar Asibitin Ƙasa na Abuja ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, a ɗauki hoton zuciyarsa. Tun 1975 likitoci suka gano aikin mayar da jijiyoyin gurbinsu, amma an fi samun nasara idan aka yi shi cikin makonni biyu ko uku na farko.

Rigakafi

Mai ciki ta riƙa zuwa awo, ta guji shan magani ba da izinin likita ba, mai ciwon sukari kuma ta kula da shi tun kafin ɗaukar ciki. A kai yara allurar rigakafin ƙyandar rubela, wadda aka fara yi wa yaran ƙasar nan gaba ɗaya a 2025, domin cutar takan ɓata zuciyar ɗan tayi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.