Mece ce kujerar naƙi a Kwamitin Sulhu?

Sau da yawa idan wata ƙasa ta mamaye wata, sai a ji an ce an hau kujerar naƙi. Wannan ikon hana ƙudiri wucewa ne da Amurka, Rasha, Sin, Birtaniya da Faransa suke da shi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1945.

Kwamitin yana da mambobi 15. Ƙudiri yana buƙatar ƙuri'u 9, amma idan ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ta ce a'a, magana ta mutu. Haka aka yi ranar 25 ga Fabrairun 2022, kwana guda bayan sojojin Rasha sun kutsa Yukren. Ƙasashe 11 suka amince da ƙudirin yin Allah wadai, Rasha ta daƙile shi.

Daga nan sai batun ya koma Babban Zauren Majalisar, inda kowace ƙasa ke da ƙuri'a ɗaya. Ranar 2 ga Maris, ƙasashe 141 suka nemi Rasha ta janye, sai dai ƙudirin zauren ba ya tilasta wa kowa.

Idan aka hau kujerar naƙi, farar hular da yaƙi ya rutsa da su ne ke ɗanɗana kuɗarsu. Shi ya sa ɗaliban da ke kwaikwayon zaman Majalisar a jami'o'i suke tafka muhawara: a soke wannan iko ne, ko a faɗaɗa shi? Tarayyar Afirka kuwa tun 2005 take neman kujeru biyu na dindindin a Kwamitin, kamar na ƙasashe biyar ɗin nan.