In An Kama Motar Maigida A Jibiya

Wannan mako za mu ɗan ajiye zancen girki da reno, mu nufi bakin iyaka, gama akwai maganar da ta shafi tukunyar gidaje da yawa, amma ba safai mu kan zauna mu yi ta ba.

Wadda ta taɓa bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta san Jibiya. Daga birnin Katsina wajen mil 30 ne. Ƙofar iyaka tana Magama, in an ƙetare kuwa sai Ɗan Isa, ƙasar Nijar. In kin bi ta wurin da almuru za ki ga manyan motoci jere a gefen titi. To, ki duba ƙarƙashinsu da kyau. Ga tabarma an shimfiɗa, ga gidan sauro an ɗaura a jikin bodi, ga buta, ga ɗan risho ana dafa shayi, riguna kuwa an shanya su bisa ƙofa. Nan direba da yaran motarsa su ke ci, nan su ke kwana. Mai dogon zango, kwanan da ya ke yi a mota ya fi wanda ya ke yi a ɗakinki. Akwatinsa yana ciki, da takardunsa, da maganinsa, da kuɗin mai, har da ɗan abin da ya ke tarawa domin kayan sallar yara. Watau motar nan ita ce gonarsa, ita ce kuma ɗakinsa. Ran da aka kama ta, duka biyu aka kama.

Yaya a ke kama mota? Hanyoyin suna da dama, ya kamata ko wace matar direba ta san su.

Ta farko ita ce ta kwastan. Tun dokar 1958, wadda aka sake da sabuwa a 2023, ƙa'ida ita ce motar da aka ɗauko kayan fasa-ƙwauri da ita ana iya ƙwace ta tare da kayan. A 2016 aka hana shigo da shinkafar waje ta kan tudu, da farkon 2017 kuma aka hana shigo da motoci ta wannan hanya. Buhu kaɗan da aka cusa ƙarƙashin halattaccen kaya ya isa ya jawo wa motar miliyoyin naira tsautsayi.

Ta biyu ita ce ta hukumar nan mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, wadda aka kafa a 1989. Motar da aka samu da ƙwaya ko tabar wiwi ita ma tana shiga hannu.

Ta uku ta 'yan sanda ce. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 44, ya kare dukiyar ko wane mutum, amma ya yarda a riƙe ta na ɗan lokaci domin bincike. Sai dai ɗan lokacin nan ya kan yi tsawo. Ku dubi harabar ofisoshin 'yan sanda, za ku ga motoci taya ta sace, ciyawa ta fito ta ƙarƙashi. Daɗin daɗawa, a 2022 aka yi dokar da ta ba kotu ikon mallaka wa Gwamnati dukiyar da aka samu ta hanyar laifi, ko aka yi laifi da ita, ko da ba a ɗaure kowa ba.

A nan fa ku buɗe kunne. A irin wannan shari'a, motar ce ke gaban alƙali. Mai ita shi zai fito ya ce tasa ce, ya kawo shaida, ya nuna dalilin da zai hana a ƙwace. In ya yi shiru, ko ya ɓuya don tsoro, lokaci ya wuce, shi ke nan. Tsohuwar dokar kwastan wata ɗaya tak ta ba mai da'awa ya rubuta. Bayan an yanke hukunci sai gwanjo, tun 2017 kuwa kwastan ta intanet su ke yin gwanjonsu. Mai mota yana zaune a Jibiya, wani a Ikko zai saye ta bai taɓa ganinsa ba.

Kada ku ce wannan abu na ƙasarmu ne kaɗai. A Amurka, wata mata a jihar Mishigan ta haɗa kuɗi da mijinta su ka sayi tsohuwar mota dala 600. 'Yan sanda su ka kama mijin yana aikin assha a cikinta, aka ƙwace motar. Matar ta ce ita ba ta sani ba, ba ta yarda ba, a ba ta rabinta. Magana ta kai har Kotun Ƙoli, a 1996 alƙalai 5 su ka rinjayi 4, aka ce ba ta da ko kwabo. A can kuma akwai mutane da yawa waɗanda tsadar haya ta sa su ke kwana cikin motocinsu. Ran da aka ja motar irin wannan mutum, ya koma kwanan titi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mutanen Jibiya sun sha wuya cikin 'yan shekarun nan. A watan Agusta 2019 Gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin tudu. An buɗe Illela da Maigatari a Disamba 2020, amma Jibiya sai Afrilu 2022. Ba a gama numfasawa ba sai ga juyin mulkin Nijar ran 26 ga Yuli 2023, wanda ya kawar da Shugaba Bazoum. Aka sake rufewa, ba a buɗe ba sai Maris 2024. A farkon wannan rufewa motoci su ka yi cirko-cirko a bakin iyaka, direbobi su ka yi makonni a ƙarƙashinsu. Direba ba shi da halin tafiya gida ya bar kayan mutane a titi, guzuri kuwa yana ƙarewa. Irin wannan lokaci ne wani zai zo ya raɗa masa, ya ce ga hanyar daji, ko ga ɗan ƙunshi, a kai Katsina a ba shi lada mai tsoka. Yunwa ba ta da shawara mai kyau.

To, ina ruwan mace? Ruwanta da tsaki. Sau nawa mu ke jin uwargida ta kwashi adashinta, ko ta sayar da tumakinta da sarƙar aurenta, ta ba maigida ya cika kuɗin mota? Ba takarda, ba shaida, sai amana. Amana kuwa abu ne mai kyau a tsakanin miji da mata, amma alƙali takarda ya ke karantawa. Sa'an nan mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu ne sarakan sallahu. Maƙwabciya ta kawo ƙulli ta ce, "Don Allah ki ba Malam ya miƙa wa 'yar'uwata a Maraɗi." Kin karɓa don kunya, ba ki kwance ba, shi ma bai kwance ba. In aka sami abin da bai kamata ba a ciki, ba wanda zai tambayi maƙwabciya.

Ga shawarata, ku riƙe ta:

1. A yi hoton takardun mota duka, da rasit na saye, da takardar biyan kuɗin kwastan, da lasin, da inshora, a ajiye a gida cikin akwatinki.

2. In kin sa kuɗinki a mota, ko ana biyanta kaɗan-kaɗan, a rubuta, shaidu biyu su sa hannu. Wannan ba rashin yarda ba ne, addininmu ma ya yi umurni a rubuta bashi.

3. Kada maigida ya mai da mota asusu. Abin da ya wuce kuɗin mai da abinci ya bar shi a gida ko banki.

4. Sallahun da ba a buɗe a gabanki ba, ki ba da haƙuri. Kunyar rana ɗaya ta fi kukan shekara.

5. In tsautsayi ya faɗa, kada ya gudu, kada ya yi faɗa. Ya nemi a rubuta abin da aka kama a ba shi takarda, ya roƙi a bar shi ya ɗauki tufafinsa da maganinsa. Kana a sanar da ƙungiyar direbobi, a nemi lauya tun da wuri. Shari'ar kwastan da ta ƙwaya Babbar Kotun Tarayya ke yinta, akwai ta kuwa a Katsina. Kuɗin da za a miƙa wa ɗan tsakani mai cewa ya san manya, gara a kai shi ga lauya.

Ba cewa na ke a bar masu laifi ba. Ƙwayar da ke shigowa ta iyaka 'ya'yanmu ta ke haukatawa, ma'aikatan da ke tare ta kuwa aikinsu su ke yi. Roƙona ga hukuma shi ne a riƙa bambanta mai fataucin mugun abu da talakan da aka cusa wa, a kuma hanzarta shari'a, don motar da ta shekara a rana ko an mayar da ita ta zama gwangwani.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikinku. Ran da Baba ya sauka, ki ce ya ba ki takardun motar ki karanta masa. Ki duba ranar da ko wace za ta ƙare, ki rubuta a bayan littafinki, ki riƙa tuna masa. Wannan ma wani amfanin karatu ke nan.

Allah ya kiyaye hanya, ya dawo mana da matafiya lafiya. Sai mako mai zuwa.