Aikin da ke bar maka lokacin karatu

 

Ƴan'uwa da suka gama makarantar yaƙi da jahilci, da ku muke yau. Kun iya haɗa baƙaƙe, kun iya rubuta sunanku. Madalla. Amma karatun da aka samu da girma saurin gudu gare shi. Ka yi wata uku ba ka buɗe takarda ba, sai ka ga b da d sun rikice maka, balle ɓ da ɗ.

Wasunku za su tafi bida Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai. Wasu za su nemi aiki a gida. In za ka karɓi aiki, tambayi kuɗin wata. Ka kuma tambayi kanka: wannan aiki zai bar ni in duba takardata?

Kada ka ce duk aikin zaune ɗaya ne. Zaman jira iri biyu ne. Akwai aikin da ke kiran ka in lokacinsa ya yi. Akwai wanda kai ne ke tsaron sa da ido.

Dubi mai tebur ko mai jiran kanti. Mai saye in ya zo sallama zai yi. Tsakanin azahar da la'asar, rana ta take, hanya ba kowa. Wannan lokaci naka ne. Haka mai injin niƙa in mata sun watse. Haka mai cajin salula. Haka mai jiran famfo, namiji ko mace: da safe da marece layi, da tsakar rana shiru.

Aikin famfo ma ya fi, don shi da kansa yana son rubutu. A ce bido guda dala 5 ne. Ka saida bido 40. Nawa ke nan? Dala 200, watau jika guda. Rubuta a kaye, da ranar. Gobe ka karanta abin da ka rubuta jiya. Mai riƙon bankin cimaka shi ma haka: wane ya ɗauki tiya kaza, zai biya da kaka. Wannan ba sabon abu ba ne. A shekarun 1970, cikin karkarar Maraɗi, manoma sun koyi karatu da lissafi don su riƙe awon gyaɗarsu da kansu, su karanta abin da sikeli ya nuna.

To, iri na biyu fa? Makiyayi da damina yana zaune gindin itace, amma bisashe na kusa da gonar mutane. Layi biyu za ka karanta, akuya ta shiga hatsi, a kai ka gaban maigari. Mai gadin dare shi ma idonsa aka saya. In ya haska cocila bisa takarda, ya nuna wa ɓarawo inda yake, shi kuwa ba ya ganin duhu. Gadin ƙofa da rana dai da sauƙi, mota sai ta yi oda. Mai kabu-kabu, ni ban cika sa shi cikin lissafi ba: kai na sunkuye, fasinja ya hau babur na gaba.

In ka samu aikin, faɗa wa ubangidanka tun ranar fari: "Alhaji, ina koyon karatu. In ba mutane, zan riƙa duba takardata." In ya yarda, shi ke nan. In ya ƙi, bari sai ka tashi. Kada ya iske ka kana ɓoyo, ya zaci wani abu.

Ka riƙe ƙaramar takarda mai shiga aljihu, da kaye da bik. Da ka ji sallama, sa tsinke inda ka tsaya, rufe, ka tashi ka amsa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.