Waƙar da aka haɗa a ɗaki: yadda ake yi mata gyaran ƙarshe kafin ta shiga wayoyi

A Yekuwa, kamar a Magarya da Dungas, waƙa ba ta jiran gidan rediyo kafin ta zaga gari. Daga waya zuwa waya take tafiya, ta Xender ko WhatsApp, ko ta hannun masu cajin salula da ke loda waƙoƙi a kart-memwar ranar kasuwa. A nan ne waƙar yaron da ya haɗa kiɗansa a ɗaki ke zama kusa da ta Hamisu Breaker ko Umar M. Shareef, waɗanda aka gyara a situdiyon Kano da Kaduna. Idan tasa ta fito ƙasa-ƙasa, ko tana ƙarar tsagewa, mai saurare zai tsallake ta. Mai bikin da ya biya kuɗin waƙar amarya kuwa ba zai dawo ba.

Aikin da ke hana haka shi ne mastarin, wato gyaran ƙarshe. Ya bambanta da miksaj. A miksaj ana daidaita kowane sauti shi kaɗai: murya, fiyano, kalangu, amshi. A mastarin an riga an haɗe su cikin fayil guda, ana gyara waƙar a dunƙule domin ta yi daɗin ji a kowace na'ura. Saboda haka mastarin ba ya ceto miksaj mara kyau. Muryar da kiɗa ya danne, sai an koma baya an ɗago ta.

Kayan aikin ba su ne matsala ba. Yawancin matasa da FL Studio suke aiki, kuma a cikinsa akwai Fruity Parametric EQ 2 da Fruity Limiter da Maximus, waɗanda sun isa. Audacity kyauta ne, haka TDR Nova da Youlean Loudness Meter. Reaper dalar Amurka 60 ne lasisinsa. Ozone na kamfanin iZotope ya fi su suna da tsada, kuma shi ne wanda ake yawan yawo da kwafinsa na sata, wanda sau da yawa ke zuwa da ƙwayar cutar kwamfuta. Akwai kuma shafuka irin su BandLab da LANDR da ke yin aikin da kansu idan an ɗora musu waƙa. Suna taimakawa, sai dai suna cin intanet, kuma ba su san wace irin lasifika ce ke jiran waƙar a Yekuwa ba.

Matakin farko shi ne fitar da waƙar daga miksaj a fayil ɗin WAV, ba MP3 ba, a kuma bar mata sarari: mafi ƙarfin sautinta ya tsaya wajen desibel 6 ƙasa da sifili. Daga nan a yanke duk abin da ke ƙasa da hertz 30, domin ba a jin sa amma yana cinye wuri. Sai a saurari tsakanin hertz 2,000 zuwa 5,000. Nan ne muryar da aka saka wa Auto-Tune, musamman muryar mata masu amshi, ke sukar kunne. Rage desibel ɗaya ko biyu ya isa. Wanda ya ga yana rage biyar ko shida, laifin na miksaj ne.

Batun bas ya fi komai rikita masu farawa. Lasifikar ƙaramar wayar Itel ko Tecno ba ta iya fitar da sauti mai zurfi, saboda haka bas ɗin da ke girgiza ƙirji a abin saurare na kunne ɓacewa yake yi a waya. Sai mai haɗa kiɗa ya ƙara shi, ya sake ƙarawa. Ranar biki, da aka jona manyan lasifiku, waƙar ta koma gurnani, ba a jin sunan ango balle na amarya. Dabarar ita ce a ɗan ƙona bas ɗin da abin da ake kira saturasiyo, wanda ke haifar masa da sautuka na sama da waya ke iya fitarwa, ba tare da an ƙara nauyinsa ba. Haka kuma a danna maɓallin mono a saurara. Yawancin wayoyi lasifika ɗaya gare su, kuma fiyanon da aka baza sosai hagu da dama yakan dushe idan aka haɗe shi wuri guda.

Sai ƙarfin sauti, wanda ake aunawa da ma'aunin LUFS. Spotify da YouTube suna daidaita waƙoƙi wajen -14: duk wadda ta fi haka ƙara, rage ta suke yi. Wanda ya matse waƙarsa har kalangu ya daina bugawa bai ci ribar komai a can ba. Amma kart-memwar ba ta daidaita komai, waƙar da ta fi ƙara ita ake ji. Hanya mai ma'ana ita ce a fitar da kwafi biyu, ɗaya na intanet, ɗaya mai ɗan ƙarin ƙarfi, wajen -10, na kasuwa da biki. A duka biyun a tsayar da rufin limita a -1, domin maida waƙa MP3 yakan ɗan ɗaga kololuwar sauti, daga nan tsagewa ke fitowa.

Ɗakin da ake aiki a ciki ma yana yaudara. Rufin kwano da bangon siminti suna maido da sauti, ga ƙarar injin wuta idan kuran ya ɗauke, abin da mutanen jahar Damagaram suka sha sosai bayan Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023. Katifa da barguna a bango suna ragewa. Abin da ya fi su amfani shi ne ajiye wata waƙar da aka san ta da kyawun sauti a gefe, a daidaita ƙarfinsu, a riƙa sauraren su bi da bi: a waya, a rediyo mai cin kart, a lasifikar mai shayi. Kunne kuma yana gajiya, wanda ya yi awa uku yana sauraren abu ɗaya gara ya bari sai da safe.

Kada a raina hanyar wayoyin nan. Mdou Moctar, ɗan jahar Tawa, a Sakkwato ya ɗauki faifansa Anar a 2008, da Auto-Tune irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bazu ta Bluetooth har Mali, inda Ba'amurke Christopher Kirkley ya ci karo da su, ya saka ɗaya a tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. Yau Mdou Moctar yana wasa a Turai da Amurka.

Saura turawa. Waƙar minti huɗu a WAV takan kai mega 40 ko fiye, a MP3 mai 320 kusan 10, mai 128 kusan 4. Na 320 ko 192 ya fi dacewa a bai wa masu loda waƙoƙi. A WhatsApp a tura shi a matsayin takarda, domin ya isa yadda yake, kada a kunna shi a ɗauka da saƙon murya. A rubuta sunan mawaƙi da na waƙa a cikin bayanan fayil ɗin, ba a kan sunansa kaɗai ba, domin wannan kowa na iya canza shi a hanya. WAV na asali kuwa a adana shi wuri biyu: gidan rediyo na iya neman sa, kuma hujja ce a hannu ranar da mawaƙi ya je rajistar waƙarsa a BNDA, hukumar kare haƙƙin masu fasaha ta Nijar.