Koyar da Kalmomi da Karatun Turanci a Manyan Makarantu: Misali Daga Darasin Aiki da Hidimar Gida

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya shiga jami'a ko kwalejin ilmi a Nijeriya, ko da kuwa Hausa ya zo karantawa ko Larabci, wajibi ne ya ɗauki darasin Turanci na bai-ɗaya a shekararsa ta farko. Babban ɓangare na wannan darasi shi ne karatu da fahimta, watau a ba ɗalibi wani guntun rubutu, a tsamo masa kalmomi masu wuya, sa'an nan a biyo da tambayoyi. Daga cikin batutuwan da littattafan koyon Turanci suke yawan kawowa akwai wanda suke kira "work-life balance", ma'ana yadda mutum zai raba lokacinsa da ƙarfinsa tsakanin neman abinci da sauran al'amuransa. Wannan maƙala za ta dubi yadda darasin yake sauka a kunnen ɗaliban yankin Hotoro da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a Kano. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ba dogayen kalmomi ne suka fi kayar da ɗalibi a irin wannan darasi ba. Ƙananan nan ne waɗanda yake zaton ya san su tun yana firamare.

Su Wane ne Ɗaliban?

An zaɓi wannan yanki ne domin ya tara ma'aikata iri-iri. A kan titin Zariya akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, inda ake horar da ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero da sauran ma'aikatan lafiya, kuma ba a rufe shi dare da rana. A Hotoro akwai ma'ajiyar mai ta NNPC da direbobin tankoki, akwai kuma Jami'ar Maryam Abacha wadda ta sami lasisi a 2021. Ga kasuwar Tarauni, ga kasuwar wayoyi ta Farm Centre, ga tashar mota ta Unguwa Uku. Da yawa daga cikin ɗaliban da suke fitowa daga unguwannin nan suna da abin yi bayan karatu. Wani tela ne, wani yana gyaran waya, wani yana jan A Daidaita Sahu da yamma, wata kuwa matar aure ce mai goyo wadda take sayar da atamfa a cikin gida. Ke nan babu wanda zai koya musu wahalar haɗa taura biyu a baki. Sun san abin a aikace; Turancinsa ne da irin tunanin da ke bayansa suke baƙi gare su.

Adadin Kalmomi

Masana koyar da harshe sun daɗe suna auna yawan kalmomin da mai karatu yake bukata. Michael West, wanda ya yi aikin ilmi a Dakka ta ƙasar Bengal, ya fitar da jerin kalmomi kimanin 2,000 a 1953, waɗanda su ne suka fi yawo a cikin rubutun Turanci. A shekarar 2000 Averil Coxhead ta ƙasar New Zealand ta ƙara da wani jeri mai gidajen kalmomi 570, waɗanda suke ɗaukar kimanin kashi 10 cikin 100 na rubutun ilmi. Shi kuwa Paul Nation ya nuna a 2006 cewa kafin mutum ya karanta jarida ko littafin labari ba tare da taimako ba, sai ya san kashi 98 cikin 100 na kalmomin da ke ciki, wanda ke bukatar gidajen kalmomi 8,000 zuwa 9,000.

Lissafin mai sauƙi ne. A shafi mai kalmomi 300, kashi 98 yana nufin kalmomi 6 ne baƙi. Kashi 95 kuwa 15. Idan aka sauko kashi 90 sun zama 30, watau kusan kowane layi da ramin da ɗalibi zai faɗa. Saboda haka malami yakan ja layi a ƙarƙashin irin su "flexible" da "priority" da "schedule", waɗanda duk suna cikin jerin Coxhead, ya bayyana su, ya ɗauka an gama. To amma wannan lissafi yana da wani ɓoyayyen sharaɗi. Ya ɗauka cewa kalmar da ɗalibi ya ce ya sani, ma'anar da marubuci ya nufa ita ce ya sani. A nan ne gizo yake saƙa.

Kalmomi Uku na Kan Magana

A ɗauki "balance" tukuna. Ɗan Kano ya san ta sarai, har Hausa ta are ta ta ce balas. Amma a kasuwar Tarauni balas shi ne cikon kuɗin da ya rage a biya, a waya kuma abin da ya saura na kati. Ma'anar sikeli, watau ɓangarori biyu su yi daidai ba wanda ya rinjayi wani, ba ita ce take fara zuwa masa ba. Don haka ɗalibi yana iya fahimtar kan maganar da cewa ragowar rayuwa bayan an cire aiki. Abin mamaki, bai yi nisa da gaskiya ba, amma ya rasa hoton da aka gina dukkan rubutun a kansa, kuma duk inda marubuci ya yi maganar karkata ko rinjaye zai wuce shi.

Kalmar "life" ta fi ta rikici. A Hausa rayuwa ta ƙunshi kome, har da aikin. Babu Bahaushen da zai ajiye aiki gefe guda, rayuwa gefe guda, kamar kishiyoyi. A cikin wannan darasi kuwa an taƙaita kalmar ga abin da mutum yake yi don kansa bayan ya tashi daga ofis, kamar motsa jiki da shaƙatawa da zama da mata da 'ya'ya. Abin da yake cinye lokacin magidanci a Gyaɗi-Gyaɗi bayan aiki wani abu ne daban: ɗaurin aure, suna, jana'iza, gaisuwar mutuwa, dubiya a asibiti, kai cefane gidan iyaye, zuwa ƙauye. Hausa tana kiran waɗannan hidima ko ɗawainiya ko zumunci, kuma babu mai lissafa su cikin hutu. Sau da yawa sun fi aikin ofis gajiyarwa, kuma barinsu ya fi fashin aiki jawo zargi. Sikelin Bature mai kai biyu ne. Na Bahaushe, in ma sikeli ne, kansa uku ko huɗu, domin ibada ma tana da nata lokacin da ba a taɓawa. Haka nan "family" a rubutun ba ta wuce miji da mata da 'ya'yansu ba, alhali ɗalibi yana karanta ta da ma'anar dangi.

Ita kuwa "work", kalmar aiki ce take fassara ta, amma aiki ɗin nan shi ne kuma "job" da "task" da "duty" da "labour". Rubutun yakan nufi aikin albashi mai lokacin shiga da na tashi, a wani wuri da ba gida ba. Tun a 1969 Polly Hill ta yi rubutu a kan cinikin da matan Hausawa suke yi daga cikin gidajensu ta hannun yara, kuma har yau ana yinsa, sai dai waya ta shigo ciki. Matar da take suyar ƙosai tana jijjiga yaro, ina iyakar aikinta, ina mafarin hidimar gidanta? Tambayar fahimta da ta ce a faɗi abin da ma'aikaci yake yi idan ya dawo gida ba ta da ma'ana a wurin wadda ba ta fita ba.

Hutu Guda, Kalmomi Barkatai

Wata matsalar kuma ita ce inda Hausa take da kalma ɗaya, Turanci yake da shida. Hutu shi ne "rest", shi ne "break", shi ne "leave" da "holiday" da "vacation" da "day off". Hausa ba ta gaza ba, domin takan rarrabe da ƙarin bayani: hutun shekara, hutun haihuwa, hutun Salla, hutun ƙarshen mako. Amma ɗalibin da ya haddace kowacce da fassarar hutu kawai zai riƙa musanya su. Daga cikinsu "leave" ta fi haɗari, don ya san ta a matsayin aikatau mai nufin bari ko tafiya, sai ya karanta cewa ma'aikaciya tana "on leave" ya fahimci ta bar aikin. Maganin wannan shi ne kada a koyar da kalma ita kaɗai, a koyar da ita tare da abokan tafiyarta, a nuna wace ce ake nema a rubuce, wace ce gwamnati take bayarwa ga kowa, wace ce ta minti talatin.

Kalmomin aro ma takobi ne mai kaifi biyu. Ofis da fansho da alawus da ritaya da kwantiragi suna taimako, kuma malami mai wayo zai fara da su don ɗalibi ya ga ba da hannu wofi ya zo ba. Amma lebura ta ƙuntata "labour" ga mai ɗaukar kaya da haƙa rami, alhali kalmar tana nufin ƙwadago baki ɗaya, a ɗakin haihuwa kuma naƙuda, abin da ɗalibar aikin jinya za ta gamu da shi kullum. Sati ma daga sunan ranar Asabar ta fito, ga shi ta koma mako.

Akwai wurin da ilmin ginin kalmar Hausa zai yi amfani ƙwarai. Ɗalibi ya lura cewa ɗafa-ƙeyar "-er" tana yin aikin ɗafa-goshin ma-, kamar yadda "worker" take ma'aikaci. Da ya ga "employer" sai ya ce ai ma'aikaci ne, alhali mai ɗaukar aiki ne, ma'aikacin shi ne "employee". Duk wanda ya juya waɗannan biyu ya juya rubutun gaba ɗaya, haƙƙin wannan ya koma kan wancan. Idan aka tuna masa cewa a Hausa ma karin sauti kaɗai ya raba ma'aikata mutane da ma'aikata wurin aiki, zai yarda cewa ƙaramin bambanci a jikin kalma ba abin rainawa ba ne.

Wane Rubutu Ya Kamata a Karanta?

Batun yana da tarihi, kuma ɗalibi zai fi fahimtarsa idan an ba shi a taƙaice kafin karatu. Ya taso ne daga masana'antun Birtaniya, inda Robert Owen ya yi kira a 1817 da a raba yini gida uku, awa takwas-takwas, na aiki da shaƙatawa da barci. A 1919 yarjejeniyar farko ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar da awa 8 a rana da 48 a mako ga masana'antu. A 2017 Faransa ta fara aiki da dokar da ta amince da haƙƙin ma'aikaci na ƙin amsa saƙon aiki bayan tashi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Ƙungiyar Ƙwadago suka ƙiyasta cewa mutum 745,000 sun mutu a 2016 sakamakon ciwon zuciya da shanyewar jiki masu alaƙa da aikin awa 55 ko fiye a mako. A ƙarshen wannan shekara ce kuma Jihar Kaduna ta mayar da ma'aikatanta aikin kwana huɗu. Sa'an nan a tambayi ɗalibai da Hausa yadda nasu yinin yake kasuwa, daga asuba zuwa hantsi, zuwa azahar da la'asar da almuru, da dalilin da ya sa makarantar allo take hutun Alhamis da Juma'a, ta boko kuwa Asabar da Lahadi. Minti goma na irin wannan hira ba ɓata lokacin Turanci ba ne, shimfiɗa ce.

Bayan rubutun da ke cikin littafi, yana da kyau a kawo na gida, kuma da wuya a sami wanda ya fi Dokar Ƙwadago ta Nijeriya dacewa, kamar yadda take a kundin dokokin tarayya na 2004. Sashe na 13 ya tanadi hutun yini guda a cikin kowane kwana bakwai. Sashe na 18 ya ba wanda ya yi wata 12 yana aiki hutun aƙalla ranakun aiki 6 da cikakken albashi. Sashe na 54 ya ba mai ciki mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta kai wata 6 a wurin, ya kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana. Turancin doka yana da nauyi, sai malami ya sassauta jimlolin, amma ɗalibi yana karanta shi da kwaɗayi domin nan gaba kaɗan zai sa hannu a takardar ɗaukar aiki. Kuma dokar tana ɗauke da darasin da ya fi kowanne: kalmar "worker" a cikinta ba ta haɗa da masu aikin gudanarwa ko na ƙwararru ba, ba ta kuma haɗa da iyalin mai aikin ba. Yaron da yake zaman shagon mahaifinsa tun safe har dare ya ga da idonsa cewa kalmar da ya sani tun aji uku ta fitar da shi.

Rabon Sashen Hausa

Aikin nan bai kamata a bar wa malaman Turanci su kaɗai ba. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 da na Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 duk suna nan, amma babu wanda aka tsara shi darasi-darasi don ɗan aji ɗaya na kwaleji. Ɗaliban fassara za su iya ɗaukar wannan batu su fitar da ɗan ƙaramin jeri na kalmomi hamsin ko sittin, kowacce da ma'anarta a rubutun, da ma'anar da ɗan Kano zai fara kawowa, da jimla guda ta misali. Za su fara cin karo da kan maganar kanta. Idan suka ce daidaita aiki da rayuwa, sun kwafo Turanci, Bahaushe zai tambaya ko aikin ba rayuwa ba ne. Idan suka ce daidaita aiki da hutu, sun zubar da suna da jana'iza. Daidaita aiki da hidimar gida ta fi kusa, shi ya sa aka yi amfani da ita a nan, ko da yake ta bar gwauro a waje, ta kuma bar ɗan lokacin da mutum yake nema don kansa, wanda shi ne marubucin Turancin ya fi damuwa da shi.