Daga Ina Sunan Kalman Ya Fito?

A cikin Yahudawan Gabashin Turai akwai wani sunan maza da ba kasafai ake jin sa ba a yau: Kalman. Ka duba Attaura ciki da bai, ba za ka same shi ba, kuma ba kalmar Ibrananci ba ce. To daga ina ya ɓullo?

Zaton farko yakan nufi ƙasar Hungary, inda wani sarki mai suna Kálmán ya yi mulki daga 1095 zuwa 1116. Lafazin kusan ɗaya ne, amma kama da wane ba wane ba ne.

Bakin zaren yana kan duwatsun kaburbura da takardun aure. A nan Kalman yakan zo ne manne da wani suna: Kalonymus. Haka sunan Kalonymus Kalman Shapira yake, malamin da ya riƙa wa'azi a unguwar da 'yan Nazi suka killace Yahudawa a birnin Warsaw na Poland, aka kuma kashe shi a 1943. Al'adar Yahudawan ce namiji ya riƙe suna biyu: wanda ake kiran sa da shi a wurin ibada idan zai hau karatun Attaura, da wanda gida da kasuwa suka sani. Kalonymus da Kalman tamkar Muhammadu ne da Mamman.

Shi kuwa Kalonymus Girkanci ne: "kalos" mai kyau, "onyma" suna. Ke nan "kyakkyawan suna", daidai da Shem Tov a Ibrananci.

Saura tambaya guda: me ya kai sunan Girkawa Poland? Amsar tana Italiya, wadda Yahudawan kudancinta suka daɗe suna jin Girkanci. Wajen ƙarni na 10, wani gidan malamai da ake yawan raɗa wa 'ya'yansa wannan suna ya tashi daga birnin Lucca na Italiya ya zauna a Mainz, bakin kogin Rhine a Jamus. Gidan ya fitar da malamai da marubutan waƙoƙin ibada. Ɗansu Kalonymus ɗan Meshullam shi ne shugaban Yahudawan Mainz, ya kuma rasa ransa a 1096, lokacin da mayaƙan Salibiyya suka auka musu.

Da Yahudawan Jamus suka yi ta ƙaura gabas, sunan ya bi su, masu jin harshen Yiddish suka gajarce shi. Kalman dai Girkanci ne asalinsa, ya ratso Italiya da Jamus kafin ya isa Poland.