Abin da Ke Sa Injin A-kori-kura Ya Ƙi Sauka

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta ko Bichi ya san ƙasar nan gona ce ta haɗu da gona, ba wani daji tsakani. Dā jakuna ke kai taki ƙauye, su komo da hatsi. Yanzu yawancin aikin ya koma kan a-kori-kura, watau ƙaramar motar kaya irin Peugeot 404 da 504. A Faransa aka ƙirƙiro su, kamfanin kuma ya buɗe ma'aikatar harhaɗa motoci a Kaduna cikin 1975. Da yawansu sun girmi direbobinsu.

Akwai wata cuta da ta kan kama tsofaffin motocin nan. Direba ya tsaya, ya ɗauke ƙafa daga totur, amma inji ya yi ta ruri kamar ana gudu. Makanikai su kan ce sulo ya hau. Injin fetur mai lafiya, in ya ɗumama, juyawarsa a tsaye ba ta wuce kamar 700 zuwa 900 a minti. In ta ninka haka, fetur na ƙonewa a banza, ga shi kuwa ya yi tsada tun da aka janye tallafi a 2023. Giya ta riƙa gurzawa, kuloci ya cinye. Mafi muni, motar ta kan yi tsalle da an saki kuloci, a kasuwa kuwa cikin mutane da dabbobi wannan ba abin wasa ba ne.

To, ga asalin maganar. Inji shaƙar iska ya ke yi gauraye da fetur. A maƙogwaron kafireto akwai wani ɗan faifai mai buɗewa in an taka totur, ya rufe in an saki, sai 'yar kafa kaɗan ya bari. Saboda haka in inji ya ƙi sauka, galibi iska ce ke shiga fiye da ƙima, ko dai faifan bai rufe ba, ko kuwa ta sami wata ɓarauniyar hanya.

Kuskuren da a kan yi shi ne a ɗauki sukundireba a tasam ma kusar sulo tun ba a bincika ba. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Ƙara ta ragu yau, gobe da asuba mota ta ƙi tashi. Sai a bi abin daki-daki, a fara da mai sauƙi.

Da fari a ja birkin hannu, a fid da giya, a sa dutse bayan taya. Mai babbar riga ya tuɓe ta, don fankar inji ba ta san mutum ba. A bar inji ya ɗumama, a duba ko cok ya koma sarai, gama cok ɗaga sulo ya ke yi da gangan.

Na biyu, wayar totur. Ƙurar hunturu ta kan cushe ta, ko sifirin mai mai da faifai ya saki. A cire wayar daga kafireto. In inji ya sauka nan take, laifin na waya ne, ko na tabarmar da ta danne feda.

Na uku, satar iska. Zafin bazara ya kan tsattsage tiyo na roba, gasket na gindin kafireto kuma ya kan rube. A kasa kunne, a kan ji wani ɗan huci. A matse tiyo ɗaya ɗaya, ko a yayyafa ruwa kaɗan a mahaɗai. Inda muryar inji ta sāke, nan ɓarakar ta ke. Kada a gwada da fetur ko kusa, gobara a ke gudu. A kuma girgiza sandar faifai, in tana lilo ta cinye ke nan.

Na huɗu, tayimin. In wuta tana zuwa fulogi da wuri ƙwarai, sulo ya kan hau, inji ya yi ta ƙwanƙwasa a hawa. Wannan sai gwanin makanike.

Bayan an gama duk waɗannan, sa'an nan a taɓa kusoshi. Biyu ne: ɗaya tana tokare faifai, ɗaya tana auna gaurayen fetur da iska. A juya kaɗan kaɗan, ana ƙidaya, don in an ɓata a san hanyar komowa.

'Yan'uwa ɗalibai, da yawanmu ƙauye za a tura mu, inda gareji ke da nisa, motar gari kuwa ita ce mai kai hatsi kasuwa, ita ce mai kai majinyaci asibiti da tsakad dare. Wanda ya san wannan tsari ya iya taimakon jama'a ran da ba makanike. A nemi dalili tukuna, kāna a nemi magani. Allah ya sa mu dace, amin.